Gidajen ma'aikata a sabon awon gabas da gari: wa zai kwana a cikinsu?

Malamin Aji Huɗu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan La'asar na je ƙofar gidan dagaci inda aka shimfiɗa taswirar sabon awon da ake son yi gabas da gari, daga bayan firamare har bakin burtali. Na ga fulotai, na ga filin masallaci da na kasuwa, na kuma ga wani yanki da aka zagaye da jan biro aka ce nan za a yi gidajen ma'aikata masu sauƙin kuɗi. Wallahi na yi murna. Amma da na tambayi nawa gidan zai kama, kuma yaya za a riƙa biya, sai aka ce mini wannan sai nan gaba.

Shekarata 11 ina koyarwa a garin nan, sau uku ina tashi daga gidan haya. Na ƙarshen, mai gidan ya zo da kansa cikin mutunci ya ce ɗansa zai yi aure bayan salla, yana bukatar ɗakunan. Ban ga laifinsa ba, gidansa ne. A amalanken shanu muka kwashe kaya, hadari ya taso muna tsakiyar hanya, katifa ta jiƙe sharkaf, littattafan yarana da na ɗaure a buhu suka manne da juna. Mu tara ne malamai a makarantarmu, uku ne kawai ke kwana a gari. Sauran a babur suke zuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda zuwan ya koma.

To ga lissafina, a gyara mini in na yi kuskure. Mafi ƙarancin albashi a Jigawa yanzu 70,000 ne, a Kano 71,000. A ce mutum ya daure ana cire masa 20,000 duk wata. Idan gidan ya kama miliyan 8, wata 400 ke nan, shekara 33 da wata huɗu, ba tare da ko kwabo na ruwa ba. Aikin gwamnati gaba ɗayansa shekara 35 ne. Idan kuwa miliyan 3 ne, shekara 12 da rabi ya gama. Shi ya sa nake cewa kalmar "sauƙi" da albashin wanda zai shiga ake auna ta, kuma tun kafin a haƙa harsashi ya kamata mu ji kuɗin.

Alhaji Mai Fulotai:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, amma kada mu kori alheri da yawan tambaya. Garuruwa nawa ne ke neman a kawo musu awon gwamnati ba su samu ba? A bari a fara tukuna. Ko ba ka shiga gidan ba, darajar filin kowa za ta tashi.

Malamin Aji Huɗu:
Alhaji, tashin darajar nan ita ce tsorona. Mai fili zai ji daɗi, ɗan haya kuma a ƙara masa kuɗi.

Maman Sadiya:
Malam, Allah ya saka da alheri da ka buɗe zancen nan. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin garin nan, amma a wani gari nake kwana don ban sami ɗakin da zan zauna da yarana ba. Matar aure ba ta iya kama ɗaki ɗaya a gidan da samari ke shiga da fita, banɗaki ɗaya da kowa. Bara cikin sanyi aka kawo wata yarinya mai naƙudar fari da misalin ƙarfe biyun dare, a amalanke, an lulluɓe ta da bargo. Suka tarar da ƙofa a kulle, mai gadi kaɗai. Aka kira ni, maigidana ya tashi ya ɗauko babur, kafin mu iso ta haihu a kan dakalin ƙofar asibiti, kakarta ce ta karɓi haihuwar da hasken tocilan waya. Allah ya kiyaye, uwa da ɗa suna lafiya, amma jinin da na gani a dakalin nan har yau ina tuna shi. Da ina kwana a bayan asibitin, minti biyar ya ishe ni.

Don haka ni ba kyan gida nake nema ba. Ɗaki biyu, katanga, banɗakina, ruwa kusa, kuma kusa da wurin aiki. In aka kai gidajen can bakin burtali kamar yadda na ji, to da dare wa zai rako ni?

Injiniya:
Malama ta taɓo inda yake ciwo. Wannan kuskuren tsoho ne. Zamanin Shagari, 1979 zuwa 1983, an gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, su ne har yau ake kira Shagari kwatas. Da yawansu an kai su bayan gari nesa da mutane, babu ruwa babu hanya, wasu suka daɗe ba kowa sai da gari ya girma ya iske su. A Kano kuma an yi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015. Gini ne mai kyau, ba musu, amma kowa ya san ba malamin firamare ne zai saye su ba.

Lissafin Malam daidai ne, bari ma in ƙara masa nauyi. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ma'aikacin da ke ciki ana cire masa kashi 2.5 cikin ɗari duk wata. Ko a kan 70,000 ɗin gaba ɗaya aka lissafa, 1,750 ne. Suna ba da rance da ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har shekara 30. Na buga a kan miliyan 8: kusan 48,000 duk wata. Su kansu masu ba da rancen ba sa yarda biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, wato wajen 23,000 ga mai 70,000. Kun ga ƙaramin ma'aikaci tun a bakin ƙofa za a mayar da shi, alhali da kuɗinsa a cikin asusun.

Na'ibin Liman:
Injiniya, ko da kashi ɗaya ne, ruwa ruwa ne. Mutanenmu da yawa ba za su kusance shi ba, kuma suna da gaskiya. Hanyar halal tana nan. Wanda ya gina ya sayar da gidan da ribar da aka sani tun farko, a raba biyan wata-wata, ba ƙari in an yi jinkiri. Wannan shi ne murabaha. Ko kuma ijara, mutum yana biyan haya har gidan ya zama nasa. Tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki a ƙasar nan da irin waɗannan hanyoyi, ba sabon abu ba ne. A rubuta wannan a cikin sharuɗɗa tun yanzu.

Injiniya:
Allah gafarta Malam, na karɓa. Na kawo lissafin ne don a ga ko ta can ɗin ma ba ta ɓullewa.

Ɗan Acaɓan Tasha:
Ina da tambaya. Shi "ma'aikaci" wane ne? Mai albashi kaɗai? Ni ke kai Maman Sadiya asibiti in maigidanta ba ya nan. Mai facin taya, telan da ke ɗinka wa yara kayan makaranta, mai gadin asibitin da ko takardar ɗaukar aiki ba shi da ita, mu ba aiki muke yi wa gari ba? Mu biyar ne a ɗaki ɗaya a soron gidanmu, aurena shekara biyu ana ɗagawa saboda ɗaki.

Malamin Aji Huɗu:
Ƙanena, ka yi gaskiya, ni ma ban kawo ku a lissafina ba. Ku ba a iya cire muku daga albashi, amma kuna da ƙungiya a tasha, kuna adashe kullum. Ƙungiyar za ta iya tsaya wa ɗanta.

Baba Magini:
Jikana ne ke rubuta mini. Na ji ana ta kiran miliyoyi. Ku tambayi kanku me ke cinye kuɗin. Siminti ne da rodi da kwano. A farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma, kowa ya gani. Bulo mai inci shida in ana son nagari, buhu ɗaya kada ya wuce talatin da 'yan kai. Masu bugawa don riba sai su ja shi har hamsin, ka ɗaga bulo ya ruguje a hannunka. Ɗan kwangilar da aka ce ya yi gida mai arha irin wannan bulon zai saya, ya shafe shi da fenti. Damina biyu za ku ga tsaga daga linta har ƙasa.

Ni shekara arba'in da wani abu ina gini, da ƙasa na fara. Jar ƙasar da ke kudu da gari, in aka kwaɓa ta da ramno aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, aka yi tubali aka shanya ya bushe sosai, gininta ya fi wannan bulon. Ɗakin ƙasa da azahar a watan bazara kamar ka shiga randa. Ɗakin bulo da kwano ba silin kuwa, yaro ba ya iya barcin rana a ciki. Gidan Makama a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, ƙasa ce.

Alhaji Mai Fulotai:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma kun manta ambaliyar 2022? Ringim, Auyo, Kafin Hausa, Miga, Haɗejiya, gidajen ƙasa ne suka riƙa zubewa a kan mutane. Wane ma'aikaci ne zai yi shekara goma yana biyan gidan da ruwan kwana uku zai narkar? Kuma ku faɗi gaskiya, wace yarinya ce yanzu za ta yarda a kai ta ɗakin ƙasa?

Baba Magini:
Alhaji, ban manta ba, ɗakin ƙanwata yana cikin waɗanda suka faɗi. Amma na je na duba da idona. Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa da ta ka. Ruwa ya kwanta a gindinsa ya jiƙa shi, ko indararo ya toshe ruwa ya zauna a rufi. Waɗanda suka zube, daga ƙasa aka ɗora tubali ba harsashi, kuma a kwari. Abin da nake cewa: a haƙa harsashi a zuba dutse da siminti, a ɗora bulo nagari har gwiwa, daga nan a ci gaba da tubali. A yi rufin kwano mai baki da ya fito ya rufe bango kamar malafa. Da can da makuba muke shafe, ta ɓawon ɗorawa, ruwa ya zame a kanta. Yanzu ɗorawar ta yi wuya, azara ma haka don giginya ta ƙare, to a yi filasta a waje. Wanda ya wuce ba zai san ƙasa ce a ciki ba.

Kuma kada a gina wa mutum gida duka. A kewaye masa katanga, a yi zaure, ɗaki biyu, masai da wurin girki. A bar masa tsakar gida. In Allah ya hore masa ya ƙara ɗaki da kansa, haka iyayenmu suka yi. Gidan da ake zanawa a ofis, falo a gaba taga tana kallon titi ba zaure, Bahaushe yana shiga abin da zai fara shi ne sayen langa-langa ya kare iyalinsa.

Injiniya:
Baba ya gama magana. Akwai ma injin matse bulon ƙasa, ana sa siminti kaɗan a cikin jar ƙasa a matse, wani irin ma yana shiga cikin juna ba sai an sa kwaɓi tsakani ba. Samarinmu za su iya koya cikin 'yan makonni, kuɗin aikin ya tsaya a gari. Sai dai a gwada ƙasar tukuna, ba kowace ke yi ba, mai yashi da yawa ba ta kamawa.

Amma akwai abin da na gani a hoton taswirar da aka turo wanda ya fi damuna. Wurin da aka zagaye da jan biro, ba nan ne ruwa ke kwanciya duk Agusta ba? Inda muke kamun tarwaɗa muna yara?

Manomin Gabas:
Nan ne. Gonarmu ce. Shinkafa muke yi a gindin, gero a tudun.

Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya tuna cewa filin nan yana da masu shi. Kowa na maganar wanda zai shiga, ba mai maganar wanda za a fitar. Gonar nan kakanmu ya sare ta. Akwai tsamiya a tsakiyarta, a gindinta mahaifinmu yake sallar Azahar in ana noma, har yanzu duwatsun da ya jera suna nan. Mu goma sha ɗaya ne magada, da mata. Ba ma ƙin ci gaban gari, yaranmu ne a ajin Malam, matanmu ne ke zuwa wurin Maman Sadiya. Amma in aka karɓi gonar aka ba mu kuɗi, kuɗin zai ƙare kafin kaka biyu. Mun ga yadda aka yi a wasu garuruwa: manomi ya karɓi diyya, ya sayi babur, ya yi aure, bayan shekara uku yana ƙwadago a gonar wani.

Ɗalibin Shari'a:
Yaya, ku saurara da kyau, don nan ne ake cutar mutanenmu saboda rashin sani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A wurin da ba a ayyana shi birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Gwamnati tana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasa ce, amfanin gona, itatuwa, gini, rijiya, ba kuɗin da filin zai yi a kasuwa ba. Shi ya sa ake ganin diyya ba ta taka kara ta karya ba.

Amma akwai wurin da ke taimakonku. Sashe na 6 ya ce idan aka soke izinin gargajiya na filin da ake nomawa, ƙaramar hukuma ta ba mai shi wani filin don ya ci gaba da noma. Ku riƙe wannan. Na biyu, ku nemi a ba ku kasonku a fulotai, a rubuce, da lambar kowane fuloti, kafin greda ta shiga. Kada ku sa hannu a farar takarda, kada mutum ɗaya ya sa hannu a madadin magada ba da wakilci a rubuce ba. Ranar ƙidayar itatuwa ku tsaya a wurin, tsamiyar nan da kowace ɗorawa da kuka a rubuta su a gabanku.

Manomin Gabas:
Allah ya yi maka albarka. Wannan sashe na 6 ɗin ba wanda ya taɓa faɗa mana.

Alhaji Mai Fulotai:
In kun sami fulotan kuna son sayarwa, a neme ni kafin baƙi, zan saya da daraja.

Shugaban Zaure:
Alhaji, a bar ciniki a waje don Allah. Ba a auna ba tukuna.

Ɗan Ruga:
A taswirar burtali ya tsuke. Da shanu biyar ke jerawa su wuce zuwa mashaya, yanzu an ci rabinsa da fulotai. In aka gina haka, gobe saniya ta shiga tsakar gidan malami a ce mu ne masu neman faɗa. A bar shi yadda yake.

Anti Malama:
Ni abu biyu. Na farko, in an zo rabo a sa sunan mace a takarda in ita ce ma'aikaciyar. Abokiyar aikina ta yi shekaru ana cire mata kuɗin fili ta ƙungiya, takarda da sunan mijinta don wai haka aka saba. Da ya rasu fili ya shiga gado, ta tashi da tumunin takaba a abin da guminta ya saya. Ban ce kowa ya zalunce ta da gangan ba, takarda ce ta yi magana.

Na biyu, wa zai raba? Mun sha gani, ana cewa gidajen ma'aikata, ranar rabo sai ka ji sunayen mutanen da ko hanyar garin ba su sani ba. Su karɓa su kulle, ko su ba mu haya a gidan da aka gina da sunanmu. Ni shawarata a kafe sunayen masu nema a ƙofar gidan dagaci da bangon asibiti mako biyu, kowa ya karanta. In masu nema sun fi gidaje yawa a yi ƙuri'a a fili bayan sallar Juma'a, yaro ƙarami ya zaro takarda. Kuma wanda ya samu ya zauna a ciki da kansa. In aka yi masa canjin wurin aiki, ya mayar wa ƙungiya a ba shi abin da ya biya, na bayansa ya shiga.

Alhaji Mai Fulotai:
Hajiya, wannan na ƙarshen ya yi tsauri. Mutum ya biya kuɗinsa a hana shi sayarwa? Ai ba mallaka ke nan ba.

Anti Malama:
In ya gama biya nasa ne, Alhaji, ya yi yadda ya so. Amma yana shekara ta biyu, an ba shi filin jama'a da rangwame, ya juya ya sayar ninki uku? To gonar su Manomin Gabas aka karɓa don a yi wa wani jari ke nan.

Malamin Aji Huɗu:
Na koma na sake duba hoton bayan maganar Injiniya. Tudun da ke manne da bayan firamare, wanda bai fi tafiyar minti biyar zuwa asibiti ba, shi aka yanka manyan fulotai ƙafa 100 da 100 na sayarwa. Kwarin da ruwa ke kwanciya shi aka bar wa ma'aikata. Ban ce da mugun nufi aka yi ba, wataƙila wanda ya zana bai taɓa zuwa garin da damina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ya kamata mu nuna musu. A juya: ƙananan fulotai 50 da 50 a tudun, rijiyar burtsatse mai sola a tsakiya, a haƙa magudanar ruwa kafin a ɗora bulo ko ɗaya. Kwarin a bar wa masu shi su ci gaba da shinkafarsu, kun ga gonar da za a karɓa ma ta ragu.

Manomin Gabas:
In aka bar mana gindin da tsamiyar, aka ba mu kasonmu a tudun, ni zan shawo kan 'yan'uwana. Amma sai na ga takarda.

Shugaban Zaure:
To alhamdu lillahi. Na yi magana da mai unguwa yanzu, ya ce dagaci zai karɓe mu ranar Asabar bayan La'asar, kafin masu awon su dawo. Malam zai rubuta takardar da lissafinsa, Ɗalibin Shari'a ya duba ta. Baba, muna roƙon ku zo da kanku, a ji maganar harsashin nan daga bakinku. Ɗan Ruga, ka sanar da Arɗo. Anti Malama da wakilin 'yan tasha su ma su zo.

Baba Magini:
Zan zo. Zan taho da tubali ɗaya da bulon kasuwa ɗaya, a jiƙa gindinsu a ɗora musu nauyi a gaban dagaci.

Maman Sadiya:
Ni ranar Asabar ina da allurar rigakafi a ƙauyuka, ba zan samu zuwa ba. Anti, don Allah ki tambayar mini ko za a ware ko gida ɗaya ne a jikin katangar asibiti, na wadda ke aikin dare, ko ni ce ko wadda za ta zo bayana. Akwai mata huɗu da nake sa ran haihuwarsu kafin ƙarshen wata.